Tambaya Mabuɗin Ilimi: Sirrin Ɗalibi a Hannun Mai Ba da Shawara ta Waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce, ina da aure da 'ya'ya uku, kuma ina karatun digiri daga gida a wata jami'a. A zangon da ya wuce na faɗi kwasa-kwasai biyu saboda rigimar da ta taso a gidana, har na ƙudurta ajiye karatun. Wata ƙawata ta ba ni lambar malamar da ke ba ɗalibai shawara a cibiyarmu, na riƙa tura mata saƙon murya ta WhatsApp, na faɗa mata abin da ko mahaifiyata ban faɗa wa ba. Ta taimake ni, ba na musun wannan. Amma ranar jarrabawa wani malaminmu ya tare ni ya ce Allah ya daidaita tsakanina da maigida, alhali ban taɓa yi masa zancen ba. Ga shi kuma maigidan ya ga lambarta a wayata, ya ce zai kira ta ya ji abin da muke tattaunawa. Shin tana da hurumin gaya wa malamin? Idan maigidana ya kira ta, dole ne ta faɗa masa?

Wata ɗaliba daga Jihar Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tambayoyinki biyu ɗaya ce: ba ta da hurumin gaya wa malamin, kuma ba dole ba ne ta faɗa wa maigidanki, hasali ma bai halatta ta faɗa masa ba sai da izininki. Amma tun da kin amince kin rubuto, zan tsawaita kaɗan, domin abin da ya same ki yana samun ɗalibai da yawa da ke karatu daga nesa, galibinsu kuma shiru suke yi su daina neman shawara.

Tun kafin a zo ga ƙa'idojin sana'a, addini ya riga ya yanke hukunci a kan wannan. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, ya kuma zo a wani hadisin cewa idan mutum ya faɗi magana sannan ya waiwaya, to maganar ta zama amana. Waiwayen nan alama ce ta cewa mai magana ba ya son na uku ya ji. Matar da ta jira yara suka yi barci sannan ta kara waya a baki ta yi ƙasa da murya, ai ta yi abin da ya fi waiwaye. Hausawa ma sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sana'ar ba da shawara a kan wannan amana ta ginu, a nan Najeriya kuma ta wuce a ce al'ada ce kawai ta mutanen kirki: ƙungiyar masu wannan aiki, wato CASSON, tana nan tun shekarun 1970, a 2022 kuma aka sanya hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, har da wasiƙunsu da hirarsu ta waya. Sai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ware wasu bayanai ta ce masu tsananin sirri ne, cikinsu har da halin lafiyar mutum, da addininsa, da abin da ya shafi shimfiɗarsa. Jami'ar da ma'aikacinta ya karɓi irin waɗannan bayanai da sunan aiki, nauyin kiyaye su yana wuyanta, ba a wuyan ma'aikacin kaɗai ba.

Akwai wata kafa da masu ba da shawara a jami'o'i kan zame ta cikinta ba da mugun nufi ba, kuma ina kyautata zaton idan har daga wurinta maganar ta fita, ta nan ta fita. Mai ba ɗalibai shawara yana tsaye ne tsakanin ɗalibi da hukumar makaranta. Idan ɗaliba ta faɗi jarrabawa, ana so a ɗage mata zango ko a ƙara mata wa'adin miƙa aiki, shi ne zai je ya roƙa mata. A wurin roƙon sai tausayi ya ɗebe shi ya zayyana labarin duka don a ji ƙanta. Wannan kuskure ne ko da niyyar ta yi kyau. Abin da sashen karatu yake buƙatar ji shi ne cewa ɗalibar tana da uzuri mai ƙarfi wanda mai ba da shawara ya tabbatar, kuma ko wannan ɗin sai an tambaye ta ta yarda. Malamin da ke duba takardarki ba ya buƙatar sanin abin da ya haɗa ki da mijinki kafin ya ƙara miki mako biyu, kuma ranar da ya sani, kin daina zama ɗalibarsa kawai, kin zama wadda yake kallo da labari a zuciyarsa.

Sai dai kada ki yi saurin ɗora mata laifin yaɗa magana, domin waya tana da ƙofofi da yawa. Gaskiya ne tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni ta yadda babu mai karanta su a kan hanya, amma kullewar ta ƙare ne da zarar saƙo ya sauka. Saƙon murya da aka kunna a ofishin da mutum uku ko huɗu suke zaune, kowa ya ji shi. Wayar da ake miƙa wa yaro ya yi wasa, ko a bar ta a shagon caji, ko a kai wa mai gyara ba a goge komai ba, ba ta da sirri. Yatsa kan zame a tura saƙo zauren ma'aikata maimakon a tura wa mutum ɗaya. Sannan ki tuna da ƙawar da ta ba ki lambar, wadda ta san aƙalla cewa kina cikin damuwa. Duk waɗannan hanyoyi ne da magana kan bi, magana kuwa zarar bunu ce.

Inda nake ganin ta gaza, ko da bakinta bai furta komai ga kowa ba, shi ne farkon al'amarin. Daga wasiƙarki na fahimci cewa kin tura saƙo, ta amsa, hira ta ci gaba, ba tare da an tsaya an yi sharaɗi ba. A ofis, ƙofa da bango suna yin rabin aikin kare sirri ba tare da kowa ya ce musu su yi ba. A waya babu ƙofa, saboda haka dole mai ba da shawara ya gina ta da bakinsa kafin ɗalibi ya fara buɗe cikinsa. Ƙungiyar masu ba da shawara ta Amurka, da ta sabunta ƙa'idojinta a 2014, ta ware babi guda sukutum a kan shawara daga nesa da kafafen sada zumunta. Babin ya wajabta a gaya wa mai neman shawara haɗarin da ke tattare da na'urar da za a yi amfani da ita, da abin da za a yi idan layi ya yanke, da tsawon lokacin da zai jira kafin a amsa masa, da inda zai nufa idan abu ya yi tsanani alhali mai shawarar ba ya kusa, ya kuma ce a samar da hanyar tabbatar da cewa wanda ake magana da shi, shi ɗin ne. Dokar Amurka ba ta hau kanmu ba, amma hankali ya yarda da waɗannan sharuɗɗa, kuma na ƙarshen ya fi dacewa da mu fiye da su, domin a gidajenmu waya ɗaya kan bi hannu biyar kafin dare. Da ta tambaye ki tun ranar farko ko ke kaɗai kike riƙe wayar, da wane lokaci ne ba kowa kusa da ke, da kuma wace kalma za ki fara da ita don ta gane ke ce ba wani ba, da yawancin fargabar da kike ciki yau ba ta taso ba.

Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Karatu daga nesa ya bunƙasa a ƙasar nan fiye da yadda aka tanadar masa. Buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, yau kuma tana da cibiyoyi a faɗin ƙasa, ga Jami'ar Ahmadu Bello da wasu jami'o'in da suka buɗe nasu sassan karatu daga nesa. Ɗaliban wannan tsari ba yara ba ne 'yan shekara goma sha takwas. Ma'aikata ne, da matan aure, da 'yan kasuwa, da jami'an tsaro da ake yi wa canjin wurin aiki, kuma damuwarsu ta manya ce: bashi, kishi, rashin lafiyar iyaye, saki. A ra'ayina, duk jami'ar da ta ɗauki irin waɗannan ɗalibai ta kuma ce tana ba su shawara ta intanet, wajibi ne ta ba ma'aikacin layi da na'ura na aiki, kada ta bar shi yana tara asirin mutane a wayar da yake kiran iyalinsa da ita. Wanda yake ganin wannan tsanantawa ce, ya dubi abin da ya fito fili a ƙasar Finland a 2020, inda aka kutsa cikin rumbun bayanan wani kamfanin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna Vastaamo, aka kwashe bayanan mutane fiye da 30,000, sannan aka riƙa aika wa marasa lafiyar saƙo ɗaya bayan ɗaya cewa su biya kuɗi ko a watsa abin da suka faɗa wa likitocinsu. Kamfanin ya durƙushe, a 2024 kuma aka ɗaure wanda ya yi kutsen, amma bayanan da suka fita ba su koma ba. Wannan a ƙasar da ta yi nisa a fasaha ke nan.

Yanzu ga batun maigida, wanda na san shi ya fi hana ki barci. Ba na cikin masu zuga mace ta riƙa ɓoye wa mijinta al'amuranta, kuma ba abin mamaki ba ne namiji ya ga baƙuwar lamba da dogayen saƙonni ya nemi bayani. Amma haƙƙin da yake da shi a kanki yake, ba a kan malamar ba. Idan ya kira ta, abin da ya dace ta yi shi ne ta karɓe shi da girmamawa, ta bayyana masa irin aikin da ofishinta yake yi wa ɗalibai baki ɗaya, ta kuma gaya masa cewa ba ta tattauna zancen wani ɗalibi da kowa, ko da iyayensa ne, sai da yardarsa. Ko tabbatar masa da cewa kina cikin masu zuwa wurinta bai kamata ta yi ba kafin ta ji daga gare ki. Shawarata ita ce ki riga shi. Ki gaya masa da bakinki cewa malamar makarantarku ce da aka ɗora wa taimakon ɗaliban da karatu ya yi wa nauyi, kuma ita ce ta hana ki ajiye digirin da kuka riga kuka kashe wa kuɗi. Idan kin ga da amfani, ki nemi a haɗa ku ku uku a kira ɗaya, bayan kun tsayar da ita tun da wuri a kan abin da za a taɓo da wanda ba za a taɓo ba. Idan kuwa kina tsoron sanin da zai yi zai jawo miki duka ko wata cutarwa, ki sanar da ita yau, kafin ya kira.

Game da malamin, ki tambaye ta kai tsaye, cikin ladabi, ko ta yi magana da wani a kanki. Ki nemi ta goge saƙonnin muryar da ke wayarta, ke ma ki goge naki, ki sanya wa wayarki lambar sirri, daga yanzu kuma abu mai nauyi ki faɗe shi a kira maimakon ki naɗe shi ya zauna. Idan ta tabbata ita ta faɗa kuma ba ta ga aibin hakan ba, kina da damar kai kuka a rubuce ga shugaban cibiyarku, dokar 2023 kuma ta ba ki damar janye yardarki, da neman a goge bayananki, da kai ƙorafi ga hukumar kare bayanai ta ƙasa. Allah ya daidaita al'amuranki, ya sa ki kammala karatun lafiya.

TAMBAYA: Malam, ni ne ke ba ɗalibai shawara a wata cibiyar karatu daga nesa. Wani ɗalibi da ban taɓa gani ido da ido ba ya turo mini saƙo da ƙarfe biyun dare cewa ya gaji da duniya, ya kuma roƙe ni kada in gaya wa kowa. Sai da asuba na gani, na kira shi ya ce wasa yake yi. Tsakanina da garinsu tafiyar yini ce. Idan na nemi danginsa na ci amana, idan na yi shiru kuma ina tsoron abin da zai biyo baya.

Wani ma'aikaci daga Jihar Bauchi

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauki abin da muhimmanci. Ba ka ci amana ba idan ka nemi taimako don ceton ransa, domin sirri a wannan sana'a yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce rai, nasa ko na wani. Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan daga jami'a ta taso. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar California da ke Berkeley ya gaya wa masanin halayyar da ke duba shi cewa zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff, ba a gargaɗe ta ko iyayenta ba, ya kuwa kashe ta. A 1976 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa nauyin kare wanda ke cikin haɗari yana kan mai ba da shawara. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma ya zama darasin da ake koyar da masu wannan aiki a ƙasashe da dama.

Kada ka karɓi cewa wasa yake yi a matsayin ƙarshen magana. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kai kuwa fuskar ce ba ka da ita, wannan shi ne babban naƙasun shawara daga nesa. Ka sake kiransa, da bidiyo idan data da sabis sun yarda, ka tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa, ko ya tsara yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ka gaya masa gaskiya cewa wannan ɗaya ne daga cikin abubuwan da ba za ka iya riƙewa kai kaɗai ba, sannan ka ba shi zaɓin wanda za a kira, wa ne ko kawu ko aboki ko limamin unguwa, wanda zai iya zama tare da shi ya kuma raka shi asibiti. Abin da za ka faɗa wa mutumin shi ne cewa ɗan'uwansa yana cikin haɗari yana buƙatar likita, sauran labarin kuma ya zauna a wurinka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen, ga kuma lambar gaggawa ta 112.

Ka yi hattara da hanyar 'yan sanda sai in babu makawa. Tsohon kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Penal Code, ya sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuffukan da ake iya ɗaure mutum har shekara guda a kansu, kuma masana lafiya sun daɗe suna kiran a soke wannan, domin tsoron kamu yana hana mutane faɗin abin da ke ransu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, tana kallon irin wannan ɗalibi a matsayin mara lafiya mai haƙƙi, kai ma da wannan idon za ka dube shi. Ka rubuta abin da ya faru da matakin da ka ɗauka da lokacinsa, ka sanar da shugabanka cewa akwai lamari na gaggawa.

Daga yau kuma, duk ɗalibin da za ka fara aiki da shi, ka karɓi sunan garinsa da unguwarsa da lambar mutum ɗaya da ya yarda a kira idan ta ɓaci, ka gaya masa sa'o'in da kake amsa saƙo da inda zai nufa a wajen waɗannan sa'o'i. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba daidai ba ne ɗalibi ya ɗauka kana farke da ƙarfe biyun dare alhali kana barci.

TAMBAYA: Mai ba mu shawara ya turo wa ƙanwata neman abota a Facebook, yana kuma yi mata tsokaci a kan hotunanta, ya ce don ya fi fahimtar halin da take ciki ne. Wannan daidai ne?

Wani mai karatu daga Kano

AMSA: Ba daidai ba ne, kuma uzurin da ya bayar ya fi aikin muni. Ƙa'idojin 2014 da na ambata a sama sun hana mai ba da shawara ƙulla abota ta kafafen sada zumunta da wanda yake dubawa, sun ce ya raba shafinsa na aiki da na kansa, kuma kada ya leƙa shafin mai neman shawara sai da izininsa. Dalilin a fili yake: ya san rauninta, ita ba ta san nasa ba, kuma yana da kusanci da masu yanke hukunci a kan karatunta, saboda haka zai yi mata wuya ta ce a'a ko da ba ta so. Ta ƙi karɓar abotar, ta adana hoton saƙonnin da ya turo, ta nemi a sauya mata wani, mace idan ta fi sakewa da hakan. Idan ya ci gaba bayan ta nuna ba ta so, ta kai maganar ga shugaban cibiyar a rubuce, kai kuma ka raka ta ranar da za ta miƙa takardar.